Yawan ambato shi ne ilimi? Muhawara kan masu binciken farfaɗo da masu ciwon zuciya

Ramatu (ɗaliba, Harobanda):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Ina haɗa tez ɗina kan yadda ake farfaɗo da masu ciwon zuciya bayan an sallame su daga asibiti, wato motsa jiki da gyaran cima da shan magani bisa ƙa'ida. Malamina ya ce in fara da karanta manyan fannin. Na shiga Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, na ci karo da wani farfesa na waje, maƙaloli ɗaruruwa, ambato dubbai, wato sau nawa wasu masu bincike suka kawo aikinsa cikin nasu, ga wata lamba da ake kira h, tasa ta yi sama ƙwarai. Na duba wani malami na nan Afirka ta Yamma da ya tsufa cikin duba masu ciwon zuciya, tasa ko 10 ba ta kai ba. To wa zan bi? Kuma ita h ɗin nan me take aunawa takamaimai?

Malam Habu (ɗakin karatu):
Wa alaikumus salam ƴata. Lissafin ba wuya. Wani masanin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Ki jera maƙalolin mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. In yana da 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10, h ɗinsa 10 ke nan. In yana so ta kai 30, sai ya tara 30 da aka ambaci kowace sau 30 ko fiye. Mai maƙala 3 kacal, ko an ambaci kowace sau 5,000, ba zai wuce 3 ba. Kuma ba ta komawa baya, ko mutum ya ajiye aiki, ko ya rasu. Shi ya sa dattijo kullum yake gaban yaro.

Ki kuma kula da inda kika duba. Google Scholar komai yake kwasowa, har tez da memwar na ɗalibai in an sa su a intanet. Sauran shafukan ƙirga, Scopus da Web of Science, mujallun da suka zaɓa kaɗai suke ƙirgawa. Mutum ɗaya, rana ɗaya, sai ki samu lamba uku da ba su yi daidai ba.

Lawali (karatu a Kanada):
Kafin a fara zagin lambar, don na san halin zauren nan, bari in ce wani abu. A wannan fannin, waɗanda aka fi ambata ba da sihiri suka samu ba. Rod Taylor na Birtaniya da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna tattara duk gwajin da aka yi kan motsa jikin masu ciwon jijiyoyin zuciya, a bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon gwaje-gwajen likitanci. Ta 2016 ta haɗa gwaji 63. Ta 2021 ta haɗa 85, mutum 23,430. Abin da ya fito shi ne waɗanda suka shiga shirin sun fi ƙarancin komawa gadon asibiti, sun fi ƙarancin sake samun bugun zuciya, rayuwarsu ta yau da kullum ta fi daɗi. Duk wanda zai rubuta layi biyu a fannin dole ya ambace su. Haka Sherry Grace ta Toronto da tawagarta, su suka bi ƙasashen duniya suka fitar a 2019 cewa cikin 203, 111 ne ke da irin wannan shiri ko da guda ɗaya, kuma Afirka tana can ƙasa. Ramatu, da wannan adadin za ki buɗe tez ɗinki, kina so ko ba kya so. Ambato ke nan, ba wani abu ba.

Ɗan Ader (majo, Tawa):
Lawali ɗan Kanada, sanyi ya shiga kanka. Wanga lissahi naku kamar ɗan kasuwa ne da ya tsaya Galmi yana ƙilgar buhunan albasa, bai kwance bakin ko guda ya ga ciki ba. Mu nan abin da munka sani, mace ta zo da ƙahwa kumbure wata biyu bayan haihuwa, ba ta iya kwanciya sai zaune. Cikin dubu ashirin da ukun taku, nawa ne irinta?

Dr Issufu (likitan zuciya, Yamai):
Majo, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, amma bari in fara ba Lawali gaskiyarsa, don yaran yanzu ba su san daga inda aka fito ba.

A da, wanda zuciya ta buga, kwantar da shi ake yi mako 6 cur. Ba tashi, ba juyi mai ƙarfi, wani har abinci a baki ake ba shi. Hujjar ita ce tabon da ke naman zuciya yana ɗaukar kusan haka kafin ya yi ƙwari. Mutane suna ta mutuwa da daskarewar jini a ƙafa da huhu, ana cewa ciwon ne. A 1952 Samuel Levine da Bernard Lown suka buga rahotonsu daga Boston, cewa sun riƙa ɗaga marasa lafiya suna zaunar da su a kujera tun kwanakin farko, kuma sun fi samun sauƙi. Manyan likitoci na lokacin sun ga abin ganganci ne. A 1966 a Dallas aka ɗauki samari 5 lafiyayyu aka kwantar da su mako 3. Ƙarfin jikinsu na amfani da iska ya faɗi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran su aka auna, sai ga shi kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 yi musu ɓarna. Mutum 5 fa. Amma aikin ya juya tunanin likitoci. Nanette Wenger a Atlanta ita ta tsara tashi daki-daki tun daga kan gado har hawan matakala. Don haka idan na ce wa mara lafiyata tashi ki taka, a kan kafaɗar mutanen nan nake tsaye, kuma ambaton da suka samu halalinsu ne.

Yanzu tambayar majo. Waɗanda aka yi gwaje-gwajen nan a kansu galibi maza ne masu matsakaitan shekaru zuwa dattijai, a ƙasashe masu hali, waɗanda jijiyar zuciya ta toshe. Mata ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mu kuwa, binciken THESUS da aka buga a 2012, wanda ya bi mutum 1,006 da zuciyarsu ta gaza a ƙasashen Afirka 9, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52, rabinsu mata, kuma hawan jini ne babban sanadi, kusan kashi 45 cikin ɗari. Toshewar jijiya ba ta kai kashi 10 ba. Ramatu, wannan shi ne hoton layin da ke jira na kowace safiya. Tansiyo da aka yi sakaci da shi, da bawul ɗin da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata, da masu jego.

Lawali:
Dokta, ranka ya daɗe, ai akwai gwaji kan gazawar zuciya ma. HF-ACTION, 2009, mutum 2,331.

Dr Issufu:
Akwai. Ya nuna motsa jikin ba shi da haɗari, kuma amfaninsa kan mutuwa da kwanciya asibiti matsakaici ne, sai da aka daidaita lissafi da tsananin ciwon kowa ya fito fili. Ka duba kuma a ina aka yi shi: Amurka, Kanada, Faransa. Mutanen da ke kan cikakken magani, da yawansu da na'ura a ƙirji. Nawa mara lafiyan yana sayen rabin ordinans ya bar rabi sai ƙarshen wata.

Hajiya Zali (ungozoma):
Sannunku da muhawara. Ni ban san h ba, ban san g ba. Amma tunda majo ya kawo zancen masu jego, ina da tambaya. Tun muna makaranta ake karantar da mu cewa wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta su ke kumbura zuciyar mata a ƙasar Hausa. Muna faɗa wa mata, kakanni suna harararmu. Kwanan baya wata ƙanwata likita ta ce an sake duba maganar. Gaskiya ne?

Dr Issufu:
Hajiya, kin kawo misalin da ya fi duk wanda zan iya kawowa. Wannan bayani daga Zariya ya fito, aikin Davidson da Parry a shekarun 1970. Sun ga ciwon da yawa, sun ga al'adar, suka haɗa: gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciya aiki. Bayani ne mai shiga hankali, ya shiga littattafai, kowa ya riƙa ambatonsa, wanda ya karanta da wanda bai karanta ba. A nan Yamai kuma Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun yi nasu, suka buga a 1992 cewa matan da ke da ciwon sinadarin seleniyom ya yi ƙasa a jininsu. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ba da adadin mace 1 cikin haihuwa 102, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranci rajistar PEACE a asibitocin Nijeriya da dama, sai abin da ya fi fitowa fili ya zama rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jinin ciki, ba wankan ba.

Ban ce a koma ɗura wa mai jego kanwa ba, gishiri dai gishiri ne ga zuciya mai rauni. Abin da nake so Ramatu ta gani shi ne magana tana iya tara ambato na shekara arba'in don ta riga kowa zuwa, kuma tana da daɗin maimaitawa.

Hajiya Zali:
To ni dai kanwar zan ci gaba da hanawa. Wankan kuwa a rage zafi, a daina tafasa ɗiyar mutane.

Malam Habu:
Ƙari kan maganar Dokta. Na'urar ƙirga ba ta san yabo da suka ba. Maƙalar nan ta 1998 a mujallar Lancet da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da ciwon galahanga, an janye ta a 2010 don ta tabbata ƙarya ce, amma an ambace ta fiye da sau dubu, akasari masu ƙaryata ta ne. Duk ya shiga lissafi.

Sai wani abin dariya. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi, ya sa masa suna Ike Antkare. Ya sa kwamfuta ta rubuta maƙaloli kusan 100 na shirme, kowace tana ambaton sauran, ya zuba a intanet. Google Scholar ya haɗiye. Mutumin da ba a haifa ba ya samu h 94, ya wuce Einstein.

A fannin zuciya kuma akwai wata hanya ta halal da ke kumbura lamba. Takardun jagora da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ke fitarwa, ana ambaton kowace sau dubbai, kuma sunayen da ke kai suna da yawa. Kowa a cikinsu ambaton yake samu cikakke, da wanda ya rubuta babi uku da wanda ya halarci taro. To Ramatu, ki koma shafin farfesan naki ki duba goman farko. Nawa ne gwajin da shi ya tsara, nawa ne bita, nawa ne takardar kwamiti? Sunansa na farko ne, na ƙarshe ne, ko na 47?

Lawali:
Malam, duk na yarda. Amma me za a sa a madadinta? In aka cire lamba, me ya rage? Wa ka sani, ɗan wa ne, wane malami ne ya tsaya maka. Ni na fi son a auna ni da ma'auni mai ɗan karkata da a auna ni da fuska. Yaron da ba shi da kowa, in ya buga aiki a mujalla mai tantancewa, duniya ta ambace shi, ba wanda ya isa ya goge.

Dr Issufu:
Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci, ba zan musa ba.

Malama Hadiza (mai koyarwa):
Ni abin ya shafe ni kai tsaye, don ina haɗa dosiye. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, wadda a nan Yamai aka kafa ta a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu, ita ke duba takardunmu kafin a hau mataki. Ana duba yawan abin da ka buga, a wace mujalla, sunanka na nawa. Ba laifi ba ne, dole a duba wani abu. Amma ku dubi halin da mai bincike na nan yake ciki. Ka rubuta da Faransanci a Mali Médical ko Médecine d'Afrique Noire, abokan aikinka na Bamako da Kwatano za su karanta su amfana, amma masu rubutu da Ingilishi ba za su gani ba balle su ambata. Ka ce za ka kai babbar mujallar da kowa ke karantawa kyauta, a ce ka biya dalar Amurka 3,000, sama da miliyan ɗaya da rabi na sefa. Ga kuma mujallun bogi da ke cika mana imel, “Babban Farfesa, muna jiran aikinka mai daraja”, su karɓi kuɗi su buga cikin mako guda ba wanda ya karanta.

Sannan wa zai ambace ka? Mai aiki kan abin da kake aiki a kai. Masu binciken toshewar jijiyar zuciya a duniya dubbai ne, da kuɗinsu. Masu binciken zuciyar mai jego a Sahel, mota ɗaya za ta kwashe su. Ko aikinka ya kai zinariya, iyakar masu ambatonka ke nan.

Malam Habu:
Malama, kan kuɗin bugawa, ki riƙa neman a yafe tun kafin ki tura. Manyan kamfanonin da yawa suna yafe wa ƙasashe irin tamu, sai dai ba sa tallar abin. Karatu kuma akwai Hinari, shirin buɗe mujallun lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2002, Nijar tana rukunin da ba a biya, ta hanyar makaranta ko asibiti ake shiga. Ramatu, ki zo in nuna miki. Akwai kuma shafin AJOL don mujallun Afirka, da Cardiovascular Journal of Africa. Game da awo, su kansu Turawan sun koka. Sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012 cewa ta yi a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin.

Malama Hadiza:
A karanta aikin. Juri mai dosiye tsibi a gabansa da kwana kaɗan. Allah ya sa.

Musa (kine, mai gashi da motsa jiki):
Ni na makara, ina wurin aiki. Bari in faɗi yadda abin yake a hannu, don Ramatu ta san me take nema a takardun.

A Amurka tsarin da aka saba zama 36 ne cikin kusan mako 12, da keken motsa jiki da na'ura a ƙirji tana nuna bugu. Inda nake aiki ba mu da wannan. Muna da baranda, na auna mita 30 na sa alama da filasta a ƙasa, kujera a kowane gefe. Dokta ya turo mutum bayan kumburi ya saɓe, na auna tansiyo da bugu, in tansiyo ya haura 180 ba za mu fara ba. Sai in ce Baba taka iyakar yadda za ka iya na minti 6, in ka gaji ka zauna, agogo dai ba zai tsaya ba. In ƙirga zagaye in rubuta. Wani dattijo ranar farko hannunsa na kan bango, ɗansa na biye da shi da buta da darduma kamar za a yi tafiya. Bayan ƴan makonni shi ke ce wa ɗan ya zauna a benci ya jira.

Na gida kuwa abin da nake koya musu sauƙi ne: ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Bayan asuba, ba da rana ba, balle a watan Afrilu. Ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ka tsaya ka zo. In akwai sikeli ka hau kowace safiya, kilo 2 ya ƙaru cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba. Wahalar ba ga mara lafiyan take ba, ga iyali take. Su a ganinsu mai ciwon zuciya ko buta kada ya ɗaga. Mace kuma akasin haka ne, an sallame ta yau, gobe tana daka da ɗibar ruwa da goyo. Ita rage mata za a yi, ba ƙari ba.

Lawali:
Musa, abin da kake yi ɗin nan ma yana da hujja a takardun da ake raina wa. Cochrane ta kwatanta shirin gida da na asibiti, sakamakon kusan ɗaya. A Indiya kuma sun gwada nasu da yoga, mutum kusan 4,000, aka buga a 2020. Ba su jira keken Turai ba. To kai ka rubuta naka a ina?

Musa:
A kaye na. Uku sun cika.

Lawali:
Ka gani? Sai a ce duniya ba ta ambatonmu. Ta ambaci kayen da ke cikin durowa? Dubi Dike Ojji na Abuja. Ya yi tambayar da ta dame mu, wane haɗin magani biyu ya fi sauke tansiyon baƙar fata, ya gwada a ƙasashen Afirka 6, mujallar New England Journal ta buga a 2019, haɗin da ke da amlodipin ya yi gaba. Yau likitoci suna aiki da shi, ana kuma ambatonsa. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba.

Ɗan Ader:
Yau dai ka yi magana. Ni ma ina da rajista ta masu jego da munka tura Yamai da Maraɗi, wasu sun komo wasu ba labari. In za a haɗa da na Musa, ga ni. Amma sunana na biyu, ba na 47 ba.

Malama Hadiza:
Majo kai da ba ka neman mataki, me za ka yi da na biyu? Ka bar wa masu dosiye.

Ɗan Ader:
A'a Malama, wa ya bi su ƙauye bisa moto?

Ramatu:
Na koma na duba kamar yadda Malam Habu ya ce. Cikin goman farko na farfesan, mafi yawa takardun kwamiti ne da bita, amma akwai gwaji nasa na shirin gida da zai yi mini amfani sosai. Na malamin namu kuwa kwatancin marasa lafiyar asibitinsa ne, ba su da yawa, amma shekarunsu da ciwonsu irin na nan ne sak. Yaya Musa, in malamina ya amince, zan iya zuwa in ga kayen naka?

Musa:
Ki zo ranar da ba ni da layi, Laraba da yamma. Rubutuna dai sai kin yi haƙuri.

Dr Issufu:
Ku tsaya kafin ku yi nisa. Sunayen mutane ne da ciwonsu a cikin kayen nan. Ba wanda zai ɗauki hotonsa ya turo zaure. A rubuta tsarin bincike, shugaban sashe ya sa hannu, a kai kwamitin ɗa'ar bincike, a cire sunaye a sa lambobi. Kuma Musa, waɗanda suka zo sau biyu suka ɓace, su ma a ƙirga su. In kun ɗauki waɗanda suka jure kaɗai, kowa zai fito ya warke, mai tantancewa na farko zai dawo muku da ita.

Hajiya Zali:
In za ku bi masu jego gida, ku sa ungozoma cikin tafiyar. Ba a shiga gidan mutum a ce matarsa ta yi zagayen minti 6 a tsakar gida sai an fara gaida uwar miji.